Accar da Baba Bai Yanka Ba

Ni sana'ata awo. Shekara ashirin ina zaune a layin 'yan hatsi a kasuwar Kafanchan da mudu a hannu, kuma duk wanda ya san Raliya ya san ba a kawo mata wargi. Ka zo min da acca mai yashi, kafin ka gama kwance bakin buhu na gane, in ka tsaya musu kuma in wanke ka tas a gaban jama'a. To ni ɗin nan mai wannan bakin, sai da na shekara arba'in da uku a duniya ban san ranar da ake yankan acca ba. Na san ta a buhu, na san ta a tukunya, amma a gona ban san ta ba. Mahaifina Yero ne ya sani. Labarinsa nake so in bayar, ko da yake babu yadda zan ba da shi ban tona wa kaina asiri ba.

Baba ba a gidan noma aka haife shi ba. A ruga ya tashi, sanda a kafaɗa, yana bin shanu daga wajen Gwantu har gangaren Godogodo. Ya ce lokacin in ya ga mutum duƙe yana noma, tausayi yake ba shi. Ina goye a bayan mahaifiyarmu Nene ciwo ya shiga garke. Cikin wata biyu shanu sittin da 'yan kai suka koma uku, ukun ma ƙashi da fata. 'Yan'uwansa suka watse, wasu suka tafi yi wa masu kuɗi kiwo. Shi ya ce ba zai bi bayan saniyar wani ba. Taurin kai dai, kuma kowa ya san inda na gado nawa.

Akwai wani manomi a wani ƙauye bayan Godogodo, sunansa Kumai. Duk rani Baba kan sauke shanunsa a gonar Kumai su kwana su bar masa taki, shi kuma ya ba su dawa da wurin kafa bukka. Da Kumai ya ji abin da ya faru, sai ya zo da kansa ya ja hannun Baba zuwa wani fili a gangaren dutse, ya ce daga wancan ɗorawa zuwa bakin rafi naka ne. Ya kawo masa iri a ƙoƙo. Wata acca ce ta gidansu, tun kakanni, fara sol, ƙwayarta ƙanana ko a cikin acca, tana nuna da wuri a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma dawa ba ta ko fitar da kai ba. In ana gwatenta, maƙwabta uku sai sun sani. A gidanmu ba ta da wani suna sai accar Kumai.

Shekarar farko Baba ya yi kuskuren da makiyayi ne kawai zai yi. Acca ta yi kyau, ta yi ruwan ɗorawa, Kumai ya zo ya shafa ta ya ce gobe a yanka. Baba ya ce a'a, a ƙara mata mako guda ta ƙara ƙiba. Shi a saninsa, abin da ka bari yana cin ƙasa yana shan ruwa ƙaruwa yake yi, kamar maraƙi. Kumai ya yi magana sau biyu, ya ga Bafulatani ya kafe, ya yi tafiyarsa. Ranar da mako ya cika Baba ya shiga gona da sabon lauje, sai ya ji abu na zuba a ƙafarsa kamar yayyafi. Duk inda ya taɓa ƙwaya ta zube. Abin da suka tara bai cika ƙwarya biyu ba. Nene ta zauna a bakin gona ta yi ta kuka, ta ce shanu sun tafi, hatsin ma ya ƙi su.

Kumai ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya aiko matarsa Miriyam da dami shida da wani ƙoƙon iri. Ya ce wa Baba, "Yero, acca ba saniya ba ne. Ba ya jiran mutum. Kai ne za ka jira shi a bakin gona."

Haka Hausarsu take, shi da Miriyam, namiji da mace duk "ya" ne da "ka". Ni kaina har yau Mama Miriyam "ka" take ce min.

Daga wannan shekarar Baba ya zama ɗalibi, kuma ya wuce malaminsa. In acca ta fara juya launi, kullum da sassafe yana gona, raɓa ba ta bushe ba. Zai sa tafin hannu ƙarƙashin kawunan ya shafo sama a hankali. In hannu ya fito fayau, da saura. In ƙwaya uku ko huɗu suka manne, sai ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙorin gaba. Ta yi ruwa-ruwa, a ƙara kwana. Ta ce ƙas, to gobe da asuba lauje, kuma a gama kafin rana ta yi zafi, don da zarar raɓa ta ɗauke sai ta fara zuba. Ya ce tsakanin ɗanya da zubewa kwana uku ne, wani lokacin biyu. Ka yanka da wuri, ka sami ƙaiƙayi da irin da ba ya tsirowa. Ka makara, ka ciyar da zabi da tururuwa. Har ya kai mutanen ƙauyen, waɗanda aka haifa a cikin accar, su ne ke zuwa su ce, "Yero, zo ka taɓa mana."

Amma taɓawa kawai yake yi ya faɗi ra'ayinsa. A ƙauyen akwai doka da ba wanda ya rubuta: ba a sa lauje a accar mutum sai da bakinsa. Ko 'yan gayya sun taru, ko suna kallon ƙwaya na zuba, a bakin gona za su tsaya har mai ita ya ce a shiga, ko ya aiko da saƙo. Dalili kuwa, ranar yanka ita ce abincin shekara. In an kuskure ta, mai gona ne ya kamata ya ɗauki nauyin, ba maƙwabci ba. An ce an taɓa yin gaba ta shekara goma tsakanin wa da ƙani a kan haka. Ni ina jin wannan a matsayin labarin ƙauye, irin wanda ake ji a yi murmushi, don tun ina shekara tara aka kawo ni Kafanchan wajen gwaggona in yi makaranta, kuma ban sake zama a gida ba sai dai ziyara.

Rayuwa ta yi ta tafiya. Yayana ɗaya ya rasu, ɗayan yana tuƙin babbar mota a kudu, sai a shekara ba a gan shi ba. Kumai ya rasu, Baba ya tsaya a bayan coci har aka gama, ya bi gawa har kabari. Shekarar da hankula suka tashi a yankin, muka kwaso Baba da Nene zuwa Kafanchan suka yi wata huɗu. Kafin su fito, Baba ya ɗauki tukunyar iri, wadda yake liƙe bakinta da toka da yumɓu, ya kai wa Miriyam. A ƙarƙashin gadonta ta kwana har suka koma. Ba su taɓa zama sun yi maganar wancan lokacin ba, ita da shi. Ta miƙo tukunya, ya karɓa, ya tambaye ta ya ƙafa.

Sannan citta ta zo ta cinye gonaki. Kowa ya ga abin da ake samu a citta da masara, wa zai tsaya wahalar acca, yanka, tattakawa, surfe, wanke yashi? 'Ya'yan Kumai da kansu suka juye gonar ubansu. Masu ɗan shuka acca kuma suka koma sayen iri a kasuwa, a wajen irinmu. A hankali accar Kumai ta ƙare a ko'ina, sai a gangaren dutsen nan na Baba.

Nene ta rasu shekara takwas da suka wuce. Ba a yi shekara ba sai ciwon yana ya rufe idon Baba, na hagu tukuna, sannan na dama. Tun daga nan na fara yaƙi da shi. Na gyara masa ɗaki a gidana, mijina Abdulhafiz ya sa masa fanka da katifa. Na roƙa, na yi faɗa, na yi fushi na daina zuwa wata biyu. Amsarsa ɗaya ce.

"Auta, in na tafi wa zai shuka ta?"

"Baba, acca ce fa. Buhu nawa ne a rumfata? In auno maka mudu goma yanzu."

"Ki auna wa masu saye."

Wallahi wani lokacin ji nake kamar in ɗauke shi cak in sa a mota. Makaho, shi kaɗai a gida, yana bin hanyar gona da tsohuwar sandar kiwonsa. Amma noman bai tsaya ba. Yana yafa iri da ƙirgen taku, Mama Miriyam na binsa a baya da nata ciwon gwiwar tana cewa nan ya yi yawa, can bai samu ba. Tsofaffi biyu suna faɗa a tsakiyar gona kamar yara. Ranar yanka kuwa ba ya bukatar ido. Hannu da haƙori ne, ya kuma ce har kunne, wai ƙarar da iska ke yi a cikin nunanniyar acca daban take.

Bara waccan damina ta zo da gardama. Ya yafa iri, kwana biyu aka yi ruwan da ya wanke gangaren ya kai rabin irin rafi. Dole ya fasa ɗan abin da yake ragewa a gindin tukunya saboda irin wannan rana, ya sake yafawa. Wato duk accar Kumai da ta rage a duniya tana tsaye a fili ɗaya, babu ko cokali a ajiye. Ya gaya min haka da bakinsa. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da abin da nake yi.

Ta kuwa yi kyau a shekarar. Mama Miriyam ta ce tun mutuwar Kumai ba ta ga irinta ba.

A cikin watan Satumba aka yi sanarwa cewa wasu likitocin ido za su zo wani asibiti a Kafanchan, mako guda, suna cire yana kyauta. Na yi ta zirga-zirga har na samo masa kati. Ranar Litinin na hau mashin na tafi ɗauko shi. Na same shi a gona, tsugune, hannu cikin acca.

"Ba zan je ba," ya ce. "Saura kwana huɗu, ko biyar."

"To a yanka yau mana, kowa ya huta."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Yau ruwa ce a ciki. In na yanka yau, na kashe irin da hannuna."

Na sauke murya, abin da ba na yi wa kowa. Na ce Talata za a yi aiki, Laraba a buɗe ido, Laraba da yamma yana gida. Na ce likitocin nan in sun tafi sai wata shekara, in ma sun dawo. Mama Miriyam ta sa baki, ta ce, "Ka je, Yero. Ni zan duba shi kullum. In ya yi, zan kira Raliya." Can ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce a ɗauko masa hularsa.

Abin da ban lissafa ba shi ne yawan jama'a. Makafi daga ko'ina, har daga Kasuwan Magani, baranda cike, ƙarƙashin bishiya cike. Talata ta wuce ba a kira mu ba. Laraba aka duba shi, aka auna, aka ce aikinsa sai Juma'a da safe, kuma kada mu yi nisa, wanda aka kira ba ya nan an wuce shi. Baba bai yi ƙorafi ba. Yana kwance a tabarma a baranda, yana ƙirga kwanaki da yatsu, in iska ta taso sai ya ɗaga kai ya shaƙa.

Alhamis bayan azahar wayata ta yi ƙara. Baba na kwance ya juya wa mutane baya, ya rufe fuska da hula. Na matsa jikin ginshiƙi na ɗauka. Mama Miriyam ce, da wayar jikarta, kuma ita in tana waya ihu take yi kamar tana kiran mutum daga ƙetaren rafi.

"Raliya, ka gaya ma baban ka, acca ya yi. Na sa a haƙori. Gobe da safe ne. Na gaya ma matan zumunta na coci, mutum takwas za su zo. Shi dai ya ba mu baki mu shiga."

Na waiwaya na dubi Baba. Bai motsa ba.

Ga abin da ya zo min a rai, kuma ba zan ƙawata shi ba. Na san halinsa. Na ce in na tashe shi na gaya masa, zai miƙe ya ce a kai shi gida yanzu, shi zai zaɓi kusurwar da za a ware don iri, kuma aikin da na sha wahala a kansa ya tashi a banza, saura kwana ɗaya tak. Ban ma yi tunanin cewa zai iya ba da baki daga nan inda yake kwance ba. Sannan na ce a raina, kwana biyu me za su yi? Dawa tana wata guda a gona bayan ta nuna, ba abin da ke samunta. Ni da nake auna hatsi kullum, ai na san hatsi.

Na ce, "Mama, ya ce ku jira. Lahadi muna nan tafe."

Ta ce, "Lahadi? Yero ne ya ce Lahadi?"

"Shi ya ce."

"To," ta ce. "Gonan shi ne."

Da ya tashi ya tambaye ni ko Miriyam ta kira. Na ce ta kira, ta ce da ɗan saura. Ya gyaɗa kai, ya nemi buta.

Juma'a aka yi aiki a idon dama, aka rufe da bandeji. Asabar da safe wata ma'aikaciya ta buɗe a hankali. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, ya dubi hannunsa, gaba da baya. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana kallo.

"Auta," ya ce, "ashe kin tsufa."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a haɗe. Shekara shida rabon da ya ga fuskata. A wannan lokacin na ce a raina na yi daidai, ko me za a ce.

Aka ce mu jira maganin ɗigawa da baƙin tabarau, sai bayan la'asar za a sallame mu. Wajen ƙarfe uku gari ya haɗe. Hadari ya taso baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji da kwanukan mutane. Baba ya fito bakin baranda da sabon idonsa ya tsaya. Ya tambaye ni ina ne gabas, na nuna masa. Ya ce Godogodo fa, na nuna masa. Daga can hadarin yake. Aka tsuge da ruwa, har da ƙanƙara tana buga kwanon rufi kamar ana jifa da tsakuwa. Mutane na ta murna suna tara hannu. Shi yana tsaye har aka ɗauke, ni kuma ban iya tsayawa kusa da shi ba.

Lahadi da sassafe Abdulhafiz ya samo mota ta kai mu har inda hanya ta ƙare. Baba bai shiga gida ba. Ya wuce gaba, ba sanda, yana sauri har ina haɗawa da gudu. Da muka zagayo dutsen sai ya tsaya.

Ban san yadda gonar acca take ba in ta nuna, amma ko ni na san ba haka take ba. Duk ta kwanta a ƙasa, ta manne da laka, kamar an bi ta da taɓarya. Kawunan sun zama tsirara. Ruwa ya yi hanyoyi a gangaren, kuma a bakin kowace hanya ga farin abu ya taru kamar gishiri, ya gangara har rafi. Zabi sun fi ashirin suna ta tsattsaga, ko gudu ba su yi ba da suka gan mu.

Wannan ne abu na farko da Baba ya gani a gonarsa bayan shekara shida.

Ya cire tabarau. Na ce likita ya hana, bai ko ji ni ba. Ya shiga ya tsuguna, abin da aka ce kada ya yi, ya sa tafin hannu ƙarƙashin wasu kawuna ya shafo. Hannun ya fito da laka kawai.

Muna nan Mama Miriyam ta iso daga coci, da kayan zumunta a jikinta, tana dogara sanda. Ta tsaya a bakin gona, a inda ciyawa ta kwanta alamar mutane sun daɗe a tsaye.

"A nan muka tsaya ran Juma'a," ta ce. "Mu tara, da lauje. Na ce ko za ka canja magana ka kira. Har rana ya yi zafi muka koma. Jiya ma na zo. Yero, kai da ka fi kowa sani, don me ka ce mu jira?"

Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Baba ya ɗago ya dube ni da idon nan guda, ja, yana hawaye saboda aiki ko saboda wani abu. Sannan ya juya wajenta.

"Ni na ce, Miriyam. Kuskure na yi."

Ta girgiza kai, ta goge ido da bakin zani. "Kai da Kumai duk ɗaya ne. Taurin kai."

Ya rufa min asiri a gaban tsohuwar da ta ɗauke ni tun ina goye. Da ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Ni da ba a taɓa rufe min baki a kasuwa ba, ranar ko sannu ban iya cewa ba.

Kwana uku muka yi muna tsintar abin da ya rage, ni da matan. Muka yanke karan, muka share ƙasa da tsintsiya, muka shanya. Abin da ya fito baƙi ne, yana warin ruɓa, rabi yashi. Baba ya zauna da faranti a cinya, yana tsince masu ɗan haske da yatsa, ƙwaya ƙwaya, har ya tara cikin gwangwanin madara ɗaya. Ya liƙe shi a tukunya. Ya ƙi bina Kafanchan, ni kuma wannan karon ban yi musu ba.

Duk ranin nan ina zuwa kowane mako da cefane. Ya ga jikokinsa, ya ga kabarin Nene, ya koma karanta allonsa. Mutane na ta yi min barka, wai na yi wa ubana gata. Kowace barka kamar a watsa min barkono. Sau da yawa na shirya zan faɗa masa, in na zauna gabansa sai in kama zancen tsadar kaya.

Da ruwa ya sauka ya yafa gwangwanin a wani ɗan fili kusa da ɗorawa. Kwana shida sai ga kore ya fito, siriri, lallausa. Na yi murna har na yi sadaka. Shi kuwa kullum dai yana can. Ashe akwai wata ciyawa, harkiya, wadda tana ƙarama ba ka raba ta da acca, kuma irinta ne muka sharo tare da ƙasa. Ya bar ta mako biyar yana jira, ko a cikin dubu za a sami ɗaya. Da kawuna suka fito ya bi su layi layi, kwana biyu yana dubawa. Babu ko ɗaya.

Ranar da na je, na tarar ya ɗaure kayansa a buhu biyu, ya ba Mama Miriyam kajinsa.

"Ɗakin nan da kika ce," ya ce, "yana nan?"

Shekara shida ina roƙon wannan magana. Da na same ta, sai na ji kamar an mare ni.

A mota muna baya mu biyu, direba na ta fama da ramuka. Muka wuce gonakin citta, muka hau kwalta. Na ga in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Baba, ranar Alhamis ɗin nan a asibiti. Mama Miriyam ta ce a yanka Juma'a. Ba ka ce su jira ba. Ni na ce, kuma na yi maka ƙarya."

Bai juyo ba. Yana kallon waje ta taga.

"Na ji wayar," ya ce. "Ido ne ba ni da shi ranar, ba kunne ba. Miriyam in tana magana ai har na ɗakin tiyata sun ji."

Can na ce, "To me ya sa ba ka tashi ba? Kalma ɗaya ce fa, Baba. Ka ce su shiga, shi ke nan."



"Na buɗe baki zan ce," ya ce. "Sai na tuna jibi za a buɗe min ido. Shekara shida ina shafa ta, Auta, kowa na cewa ta yi kyau. Na ce in sun yanka Juma'a, kara zan tarar. Na so in gan ta a tsaye, sau ɗaya. Na san kwana biyu sun yi yawa. Na sani sarai, na ja hula na rufe fuska."

Ya sa bayan hannu ya goge idon da aka yi wa aiki, a hankali, yadda likita ya koya masa.

"Ki daina ɗauka ke kaɗai. Ke ba ki sani ba. Ni na sani."

Na kifa kai a bayan kujerar direba na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Nene. Baba bai rarrashe ni ba. Da muka shigo gari ya tambaye ni ko ɗakin yana da taga ta wajen gabas, na ce babu, bango ne na maƙwabta. Ya ce ba komai.